Yayana ya ce mu ɗauki hoton takardun Babanmu da waya, sannan mu ƙone su

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. Ya yi shekaru yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma bai bar zuwa karatun zaure ba har ƙarshen rayuwarsa. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe sai muka tarar da shi maƙil da takardu: littattafan da yake rubuta bashi, wasiƙu, wani ɗan littafi da ya rubuta ranar haihuwar kowannenmu, da wani kundi cikin gafaka da ya gada wurin kakanmu. Yawancinsu da ajami ne, ni kuwa ban iya karanta shi sosai ba. Babban yayanmu ya ce tunda za a sayar da gidan a raba gado, babu mai wurin ajiye tarkace, ga ɓera ya fara ci, ga ayoyi a ciki. Ya ce a ɗauki hotonsu a tura zauren WhatsApp na gidanmu, sai a ƙone su. Sauran 'yan'uwa sun yi shiru. Ni ce auta, kuma tun ranar ba na iya barci sosai. Da na yi magana sai ya ce zamani ya wuce nan. Anti, ni ce ban waye ba? Yaya zan yi ba tare da na saɓa masa ba?

Daga wata baiwar Allah a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Amsata ita ce kada a ƙone takardun nan, aƙalla ba yanzu ba, kuma ba duka ba. Abin da ke hana ki barci ba rashin wayewa ba ne. Sai dai kafin ki je ki tari yayanki da wannan amsa, ki tsaya mu ba shi haƙƙinsa. Ƙona takarda mai ɗauke da ayoyi ba wulaƙanci ba ne a wurinmu. Sayyidina Usman, bayan an tattara Alƙur'ani a mushafi guda an aika da kwafinsa garuruwa, ya yi umarni a ƙone sauran rubuce-rubucen, kuma Bukhari ya ruwaito haka. Da wannan ne malamai suke kafa hujja idan shafi ya tsufa har ba ya karantuwa. Yayanki yana gudun ranar da zai ga takardar da mahaifinku ya rubuta Bismillah a kanta an ƙunshe gyaɗa a ciki. Tsoro ne na mai tarbiyya. Inda ya kauce shi ne ya yi gaggawa, kuma ya ɗauka hoto zai iya tsayawa a madadin takarda ta kowace fuska.

Bari in fara da littattafan bashi, domin nan ne maganar ta wuce ta begen uba ta koma ta haƙƙi. Kin san yadda Kwari take. Amana ce ke juya kasuwar. Mutum ya zo daga Maraɗi ko Garwa ko Injamena ya sari dila, ya ba da rabin kuɗi, sauran sai ya dawo. Shi kansa mai shagon wurin manyan diloli yake karɓar kaya, sai ya sayar ya kai musu kuɗinsu. Ga masu kawo ajiya: bazawara ta ba da kuɗin gadon marayunta a juya mata, maƙwabci ya ajiye kuɗin Hajji yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yawancin wannan babu rasit, babu banki, sai abin da mai shago ya rubuta da hannunsa. Mahaifinku ya rubuta ne saboda ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. A Suratun Nisa'i kuma, inda aka yanka wa kowa kasonsa, an maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. To yaya za ku raba gida alhali ba wanda ya zauna ya bi littattafan nan shafi bayan shafi, ya fitar da wanda Malam yake bi da wanda yake bin Malam?

Kada kuma a ce ai hoton zai nuna. Littafin ɗan kasuwa ba lambobi kaɗai yake faɗa ba. Layin da aka ja a kan suna yana nufin an biya, wani lokaci kuma ɗigo ne kawai a gefe, ko a naɗe kusurwar shafi. Bambancin launin biro yana nuna cewa an ƙara wani abu daga baya. Shafin da aka yage yana barin gurbinsa a jikin littafin. A tsakanin shafuka ake samun 'yar takardar cinikin fili mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ko wasiyyar da mutum ya rubuta bai gaya wa kowa ba. Yaron da aka miƙa wa waya aka ce ya ɗauki shafi ɗari biyar kafin magariba zai tsallake wasu, wasu su fito dishi-dishi, bayan takarda kuwa ba zai ma juya ba. Ba za ku gane an yi giɓi ba sai ranar da kuke neman shafin, lokacin kuwa ya zama toka.

Ta fuskar shari'a ma ainihin takarda ta fi hoto ƙarfi. A mazhabarmu ta Malikiyya ana karɓar shaidar mutanen da suka san rubutun mamaci, su duba su ce wannan hannun wane ne. A dokar shaida ta Najeriya ta 2011, ainihin takarda ita ce hujja ta farko, kwafi sai da dalili, abin da ya fito daga waya ko kwamfuta kuma sashe na 84 ya gindaya masa sharuɗɗa kafin kotu ta karɓe shi. Idan bayan shekara biyu wani ya zo da da'awar yana bin Malam miliyoyi, kuka ce ga hoton shafin da ya nuna an biya shi, tambayar farko da za a yi muku ita ce ina littafin. Amsar cewa ku da kanku kuka ƙone shi ba za ta yi muku daɗi a gaban alƙali ba. Ki ƙara da cewa akwatin nan da abin da ke cikinsa suna cikin abin da mamaci ya bari. Haƙƙin magada ne baki ɗaya, har da ke auta, har da Hajiya matar Malam. Girman shekaru bai ba mutum ɗaya damar halaka shi ba tare da yardar saura ba.

Sai maganar dawwamar hoto. Mutane suna jin abin da ya shiga waya ya tsira ke nan. Ki tambayi kanki ina hotunan da kika ɗauka shekara goma da suka wuce. Waɗanda suka yi zamanin BBM, manhajar saƙo ta BlackBerry, sun ga yadda aka rufe shi a 2019. WhatsApp kan share asusun da ya yi kamar kwana 120 ba a taɓa shi ba, kuma yana rage ingancin hoto idan an tura shi ta hanyar da kowa ya saba, abin da ke cinye ƙananan ɗigon da ajami ya dogara da su. Tun ƙarshen 2023 Google ya fara share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Ƙara da satar waya, da faɗawa ruwa, da layin da aka daina amfani da shi aka ba wani, da kalmar sirrin da mai ita ya mutu da ita. Kundin kakanku ya ratsa damina da hunturu na shekaru masu yawa ba caji ba data, ga shi har ya iso hannunki. Ba ina cewa takarda ba ta lalacewa ba. Gobara tana cinye ta, ruwa yana wanke ta, shi ya sa ɗaukar hoton shawara ce mai kyau ƙwarai. A yi shi, a kuma bar takardun. Masanan da wannan ne aikinsu haka suke yi. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hotunan dubban shafukan ajami a Afirka ta Yamma, har da na Hausa, ta kuma bar wa masu su kayansu.

Tura hotunan zauren gida kuwa ban goyi baya ba ko kaɗan. A cikin littafin bashi akwai sunayen mutanen da Malam ya rufa wa asiri shekara da shekaru, wataƙila har da dangi da surukai. Da zarar shafi ya shiga zaure mai mutum talatin, ya fita daga hannunku. Wasiƙu ma haka. Waɗanda ya rubuta wa Hajiya nata ne, ba na gado ba, kuma ita kaɗai za ta ce a karanta ko a bari.

Yanzu ga abin da na san shi ya fi taɓa ki, ko da ba ki tsaya a kansa ba: ɗan littafin haihuwa. Ranar da aka haife ki, mahaifinki ya dawo gida ya zauna ya ɗauki alƙalami ya rubuta rana da wata da shekara, wataƙila da lissafin Hijira, bayan kwana bakwai ya ƙara sunanki. Hannunsa ya taɓa wannan shafin. Idan kika jera rubutunsa daga na fari zuwa ke, za ki ga yadda hannun ya sauya, daga na saurayi mai ƙarfi zuwa na dattijon da ido ya fara yi wa nauyi. Saƙon waya duk kamanninsa ɗaya, ko wa ya buga shi, kuma yau har na'ura tana iya rubutawa da sunan mutum. Rubutun hannu kuwa mutum ɗaya ne a duniya yake yin irinsa, kuma wannan mutumin ya tafi, ba za a ƙara samun ko layi guda daga gare shi ba. 'Ya'yanki da ba su san kakansu ba, wannan ne abin da za ki iya ɗora musu a tafin hannu ki ce ga aikin hannunsa. Babu abin kunya a son irin wannan, kuma ba ya karo da tawakkali.

Kada kuma ki raina takardun gida ki ce ai Malam ba wani shahararre ba ne. Yawancin abin da muka sani game da ƙasar nan kafin zuwan Turawa a 1903, daga irin waɗannan akwatuna ya fito. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa sun iso gare mu saboda zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun riƙe takardun, har zuwa zamanin Waziri Junaidu da ya buɗe wa masu bincike ƙofa. Littafin ɗan Kwari ma tarihi ne: nawa ake sayar da turmin atamfa lokacin da aka koma naira daga fam a 1973, daga ina kaya suke zuwa, su wa ake hulɗa da su.

Kundin cikin gafaka shi ya fi buƙatar hattara. Irin waɗannan takardu ba a ɗinke suke ba, warwara ne, kuma galibi ba su da lambar shafi. Abin da marubutan wancan zamani suke yi shi ne su rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabace shi. Idan yara suka baje su don ɗaukar hoto suka hautsina, mayar da su sai malami mai haƙuri. Don haka kada a taɓa jerinsu. Idan kin ɗaga wata a gaban haske kika ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, to irin wadda ake kawowa daga Italiya ta hamada ce, kuma tana iya girmar kakanku ma. Tawadar gargajiya ta zuge da ƙaro ruwa yana wanke ta, shi ya sa ake rubutun allo da ita. Ko jiƙaƙƙen hannu kada ya kusance ta.

Wajen karantawa, ki nemi wanda ya yi karatun allo, ba na Islamiyya kaɗai ba. Rubutun Warshu da tsofaffinmu suka saba da shi ya bambanta da na bugun Hafsu: harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda bai san haka ba zai karanta ƙaf a matsayin fa, ya juya suna ko ma'ana. Mafi dacewa shi ne abokan karatun Malam na zaure ko tsohon yaron shagonsa, domin su suka san hannunsa da irin taƙaitawar da yake yi. Ki sa waya ta naɗi muryar mai karantawa, ke kuma kina rubutawa da boko. A nan waya za ta yi muku aikin da takarda ba za ta iya ba. Idan aka ci karo da hatimai ko laƙanin da wani a cikinku yake da shakku a kansu, a ware su a kai wa malamin da dukkanku kuka yarda da shi ya duba. Kada shakku kan shafi goma ya ja a ƙone ɗari uku da ke ɗauke da fiƙihu da waƙoƙin wa'azi da nasabar gidanku.

Ajiyarsu ba ta da tsada. A fitar da su a inuwa, a kakkaɓe ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a shanya a rana. A cire fil da duk wani ƙarfe mai tsatsa, da robar ɗaure kuɗi. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, kuma kada ki yarda a kai su shago a manne su cikin leda da zafi, domin ba a iya ɓare ta daga baya. Ki sa lamba da fensir a kusurwar kowane shafi, sannan a ɗauki hoto gaba da baya da hasken rana, a ajiye kwafi wurin mutum biyu ko uku, ba a waya ɗaya ba. A naɗe kowane kashi cikin farar takarda ko farin yadi, ba baƙar leda ba, don leda tana riƙe danshi ta kawo hunhuna. Akwatin ƙarfen da kansa yana da kyau idan murfinsa yana rufuwa sosai. A ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda gara da laima, a riƙa buɗewa ana dubawa, musamman a tsakiyar damina. In ya zamana babu mai iya riƙe kundin a cikinku, akwai wuraren da aikinsu ke nan: hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Arewa a Kaduna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ku je ku ji sharuɗɗansu kafin ku miƙa komai, kuma ku karɓi shaida a rubuce.

Saura yadda za ki tunkari Yaya. Kada ki sake ta da maganar a zauren WhatsApp ko a gaban ƙanne da matansa, domin babba ba ya son a ga auta ta juya shi a bainar jama'a, ko da ya gane gaskiya. Ki fara da Hajiya. Tana gab da fita takaba, kuma ta fi kowa sanin abin da ke cikin akwatin nan. Ki tambaye ta ko tana so a ƙone. Ina kyautata zaton ba a ma tambaye ta ba. Daga nan ki je wurin Baffanku, ko aminin Malam da Yaya yake jin nauyinsa, ki kai masa maganar bashi kawai. Kada ki fara da kuka ko da cewa kina kewar Baba, don da wannan ne aka ture maganarki a karon farko. Ki ce kina tsoron a raba gado da haƙƙin wani a ciki. Babu dattijon da zai ji haka ya ce a kawo ashana.

Idan kuma ke da shi ne, ki sassauta murya ki ce: "Yaya, na ga damuwarka kan ayoyin nan, kuma gaskiyarka ne. Ka ba ni wata uku in ɗauke maka nauyin. Zan kai akwatin ɗakina, in nemo mai karantawa, in ɗauki hoton yadda ka ce, in kawo maka lissafin bashin a rubuce. Abin da ya lalace har ba ya karantuwa, kai da kanka za ka ƙone shi." Kin ga ba ki ƙaryata shi ba, kin karɓi rabin shawararsa, kin kuma cire masa abin da ya fi damunsa, wato wurin ajiya da ɗawainiya. Ki sani shi ma maraya ne kamarki. Wasu mazan idan rashi ya yi musu nauyi, hanzarin kawar da kayan mamaci suke yi don ganinsu yana tayar musu da abin da ba sa so a gani a fuskarsu. Ranar da za ki kai masa lissafin, ki tafi da ɗan littafin haihuwar ki buɗe masa shafin farko, inda sunansa yake.

Kuma ki cika alƙawarin. Idan kika karɓi akwatin kika tura shi ƙarƙashin gado shekara biyu har gara ta shiga, kin tabbatar da maganarsa. Za a samu abin ƙonawa a ciki: rasit ɗin da ya goge, shafukan da ɓera ya cinye rabinsu, kwafin abin da yake da bugu a kasuwa. Waɗannan a ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar.

In duk da haka ya kafe, kada ki yi faɗa da shi, kuma kada ki ɗauke akwatin a ɓoye, don hakan zai ba da ƙofar zargin kin ɓoye wata takardar dukiya. Ki nemi a kawo maganar gaban malamin ko alƙalin da zai raba gadon, ki faɗa a gabansa cewa akwai littattafan bashi da ba a karanta ba. Shi ba zai raba ba sai an duba su. A wannan zaman ne kuma za ki roƙi 'yan'uwa su bar miki littafin haihuwar da kundin a hannunki a matsayin amanar gida, a rubuta haka, kowa ya sa hannu, duk mai son gani ya zo ya gani.